Ranar da Don Belisario Ya Zauna

Akwai wata shekara da majalisar ƙasarmu Chile ta fitar da wata doka mai nauyi, wadda manyan 'yan kasuwa suka rantse ita ce za ta durƙusar da ƙasa, ta lalata tarbiyyar talaka, ta kori arziki zuwa ƙetaren teku.

Dokar ta ce a ajiye wa ma'aikatan kanti kujera.

A lokacin akwai wata mata a Valparaíso mai suna Clorinda Ampuero, tana aiki a kantin yadin Don Belisario Urzúa, can gangare kusa da tashar jiragen ruwa. Tun tana budurwa ta shiga kantin, ga shi har furfura ta fara leƙowa, kuma duk shekarun nan a tsaye ta yi su. Ba wai babu kujeru a kantin ba. Akwai, masu laushi ma, an lulluɓe su da karan-miski. Na masu saye ne.

Don Belisario, wanda ma'aikatansa ke kira patrón, wato maigida, mutum ne mai aƙida. Kullum cewa yake yi: "Ranar da ma'aikaci ya zauna, ranar ciniki ya kwanta." Yakan faɗi haka ne daga ofishinsa na bayan kanti, cikin wata ƙatuwar kujerar fata, ƙafafunsa a miƙe kan ɗan benci.

Ita kuwa Clorinda, tsayuwa ta gama cin ƙafarta ta hagu. Jijiyoyi sun fito sun murɗe, sannan wani gyambo ya buɗe a saman idon sawu ya ƙi rufewa.

A wancan zamanin idan ma'aikaci ya kwanta ciwo, gwamnati ba ta san da shi ba, maigidansa kuma ya manta sunansa. Abin da kawai talaka ke da shi ita ce ƙungiyar taimakon juna. Matan kanti da masu ɗinki da masu naɗa taba sun kafa tasu. Kowace wata kowa ta jefa ɗan abin da ya sawwaƙa a asusu, da shi suke riƙe da likita, su sayi magani, in kuma abin ya zo da ƙarar kwana a yi jana'iza cikin mutunci. Don Belisario yana kiranta "ƙungiyar masu neman dalilin kwanciya".

Likitan ƙungiyar, wani dattijo mai suna Oyarzún, ya kwance bandejin Clorinda ya duba.

"Doña Clorinda, maganin ƙafar nan ba ya cikin jakata. Zama take so."

"Likita, in na zauna za a kore ni."

"In ba ki zauna ba za a yanke ta."

"In an kore ni kuma da me zan zuba a asusu? Ka ga na rasa aikin, na rasa ka."

"To ai ni rashina ba wani babban rashi ba ne," in ji shi. "Ƙafar ce ba a samun wata."

Haka ta hau tudu zuwa gida, tana ɗingishi tana auna abu biyu: ƙafa ko abinci.

Ana cikin haka, wata safiya a watan Disamba, lokacin da zafi ke fara kankama a ƙasarmu, sai ga Zoila ta faɗo kantin da jarida a hannu, hularta a karkace. Zoila abokiyar aikin Clorinda ce, ita ta riƙe 'yar Clorinda ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna comadre. Allah ya ba ta baki, ita kuma ba ta taɓa yin rowarsa ba.

"Comadre! Comadre! Ta fito! An sa hannu!"

"Mece ce ta fito?"

"Dokar kujera mana! Ke, duwawunmu sun shiga kundin dokokin ƙasa!"

"Rufa mana asiri, Zoila, patrón yana ciki."

"Ya ji mana! Ai da shi ake!"

Ranar Lahadi zauren ƙungiya ya cika ya batse. Shekara da shekaru matan nan suna tara sa hannu, suna tsayuwa a ƙofar manya, ana ce musu su dawo gobe. Yau gobe ta zo. Wata ta ɗauko wata tsohuwar kujerar katako, aka ɗaura mata furanni, aka ɗora ta a kafaɗu aka zaga unguwa da ita kamar yadda ake zagawa da mutum-mutumin waliyyi ranar bikinsa. 'Yan dakon tashar jirgi suna cire hula idan ta wuce. Wata tsohuwa har ta yi alamar gicciye, daga baya da aka gaya mata kujera ce, ta ce ba komai, ba za ta janye ba.

Clorinda ba ta iya zagayen ba. Tana bakin ƙofa tana dariya, hawaye na zuba. A ranta tana cewa: ƙafata ta tsira, aikina ya tsira.

Ta yi saurin murna.

Kujerun sun iso kantin, sababbi fil, suna ƙamshin fenti. Kowace ma'aikaciya ta zaɓi tata. Clorinda ta yanko wani jan ƙyalle ta ɗaura a jikin tata don kada a musanya. Sai ga Don Belisario ya fito daga ofis, cikin baƙar kwat da sabon takalmi mai sheƙi, ya yi gyaran murya.

"Ni mutum ne mai bin doka. Ga kujeru nan. Ban hana kowa zama ba, kuma duk wadda ta ce na hana ta, ƙarya take yi."

Aka fara murmushi.

"Sai dai daga yau zan riƙa tsayawa a nan tare da ku, daga buɗewa har rufewa. Na kuma san iyayenku sun ba ku tarbiyya."

Murmushin ya tsaya a inda yake.

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san abin da yake nufi. Ba a zama alhali patrón yana tsaye. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, shi ya sa ma ya fi doka ƙarfi. Da shi aka yaye mu. Wadda ta zauna maigida yana tsaye ta yi rashin kunya, kuma korar marar kunya babu dokar da ta hana. Lauyansa ya tabbatar masa da haka, ya kuma karɓi ladan tabbatarwar.

Sufeton gari ya zo, ya ga kujeru, ya taɓa ɗaya ya ji da ƙwari, ya yaba, ya tafi.

Zoila ta matso kusa da Clorinda tana ninke yadi, ta ce ƙasa-ƙasa: "Kin ga tsohon nan? Da ƙafafunsa zai yaƙi majalisa."

"Zai iya kuwa?"

"Da wannan tumbin? Comadre, rabonsa da ganin ƙafafun nan tun kafin girgizar ƙasa."

Ranar farko Don Belisario ya tsaya kamar soja, hannu a baya, ƙirji a gaba. Rana ta biyu ma haka. Kafin mako ya fita labari ya cika titi. Mai aski ya gaya wa mai burodi, mai burodi ya gaya wa duk wanda ya ci burodi. 'Yan dako suka mai da tagar kantin wurin hutunsu, suna cin gurasa da soyayyen kifi suna leƙe.

"Har yanzu yana tsaye?"

"Yana tsaye, amma gwiwar dama ta fara sallama!"

"Ni na ce ba zai kai Lahadi ba."

"Kai dai ba ka san taurin kan mai kuɗi ba. Ni ina bayan tsohon!"

"To je ka riƙe masa ƙafa ɗaya mana!"

Ciniki kuwa ya buɗe irin wanda kantin bai taɓa gani ba. Mata suna saukowa daga kan tuddai su sayi allura ɗaya don kawai su ga attajiri a tsaye. Don Belisario ya ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa aƙidarsa gaskiya ce.

Amma jiki ba ya karanta aƙida. A hankali ƙirjin ya koma ciki, hannun da ke baya ya dawo ya dafe kanta. Wuyansa ya riƙa jiƙewa da gumi. Idan ya zaci ba mai kallonsa, sai ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Idanunsa kuma suka koyi wata sabuwar ɗabi'a, ta satar kallon kujeru.

Clorinda ta ga duk wannan, don ta san ciwon tun daga farkonsa. Wata rana da kantin ya ɗan lafa ta matsa kusa da shi.

"Patrón, ka yi haƙuri da shisshigi. Takalmin nan ya matse ka. Da ka sa mai faɗi, ka kuma ɗaure ƙwaurin da bandeji da safe, zai rage."

Ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Doña Clorinda, na tambaye ki?"

"A'a, patrón."

"To ƙafafuna lafiyarsu lau. Ba irin na 'yan ƙungiya ba ne."

Da ta koma, Zoila ta harare ta. "Ke wace iri ce? Muna jira ya faɗi, ke kina koya masa tsayuwa?"

"Tausayi ya ba ni."

"Tausayi! Ajiye shi, ƙafarki tana buƙatarsa."

Gaskiyar Zoila ce. Kafin wannan gasa, Clorinda takan saci zama kan bandir ɗin yadi a bayan kanta idan patrón yana ofis. Yanzu ko wannan babu. Dokar da aka yi don ta huta ta ƙara mata tsayuwa. Gyambon ya faɗaɗa, gefensa ya yi baƙi. Da ta koma wurin Likita Oyarzún, wannan karon bai yi wasa ba.

"Gobe ki zauna. Ba jibi ba. In kin wuce haka, aikin ya tashi daga hannuna ya koma hannun mai zarto."

Washegari ta sauko daga tudu da shawararta a rai. Idan aka harba igwar da ake harbawa kullum da tsakar rana, za ta ja kujerarta ta zauna, a gaban patrón, a gaban kowa. A kore ta. Abin da zai biyo baya, Allah ya sani.

Ta gaya wa Zoila. Zoila ta ce: "In kin zauna zan zauna. Ya kore mu tare, mu je mu sayar da kifi."

"Kin iya sayar da kifi?"

"Na sayar da leshin nan mai kama da ragar kamun kifi shekara nawa? Ai duk ɗaya ne."

Ranar an yi zafi irin wanda ko iskar teku ba ta shigowa. Da hantsi sai ga wata hamshaƙiya, matar wani babban hafsan jirgin ruwa, ta shigo ta zauna kan karan-miski tana fifita. Irin wannan baƙuwa patrón da kansa yake yi mata hidima. Ta ce a sauko da siliki mai ruwan hoda. Ya sauko da shi. Ta ce ya yi haske. A sauko da shuɗi. Ya yi duhu. A dawo da na farkon ta sake gani. A kai shi bakin ƙofa ta gani a rana. Don Belisario yana kaiwa yana komowa, yana murmushi irin na wanda ake cire wa haƙori.

A ƙarshe ta sayi maɓallai guda biyu, ta ce za ta yi shawara da ƙanwarta game da silikin.

Taga ta cika da fuskoki. Daga kan tudu igwa ta tashi: dum!

Clorinda ta kama kujerarta mai jan ƙyalle, ta jawo ta fili. Ƙarar ƙafafun kujerar a kan daɓen katako ta sa kowa ya waiwayo. A waje wani ya yi ihu: "Za ta zauna! Na rantse za ta zauna!"

Ta juya za ta zauna ke nan, sai idonta ya faɗa kan Don Belisario.

Yana tsakiyar kanti da bandir ɗin siliki a hannu. Fuskarsa ta yi fari fat kamar alli. Bakinsa yana motsi ba magana. Jikinsa yana tangaɗi, baya, gaba, baya. A bayansa kuma akwai kusurwar kanta mai bakin ƙarfe, daidai inda ƙeyarsa za ta sauka.

Zoila ta riƙe mata hannu. "Bar shi, comadre. Bar shi ya sha ƙasa."

Clorinda ta fizge hannunta. Matar da ko tafiya da ƙyar take yi, ranar sai ga ta ta tsallaka kantin da kujera a gaba kamar mai tura amalanke. Gwiwoyin Don Belisario suka lanƙwashe, ya tafi da baya gaba ɗayansa, kujerar ta iso daidai lokacin.

Tim!

Kujerar ta yi ƙara, ta yi tunani, ta riƙe.

Kantin ya yi tsit. Siliki ya warware ya mirgina har bakin ƙofa. Matar hafsa ta tsaya da fifita.

Sai muryar Zoila, a hankali, cikin ladabi irin wanda ba a taɓa jin ta da shi ba:

"Jama'a, patrón ya zauna."

Ai kafin ta rufe baki, sai ka ji ƙarar kujeru ko'ina. Ma'aikatan kantin kaf suka zauna a lokaci ɗaya, wasu har da lumshe ido. Titi ya ɗauka da sowa. Huluna suka tashi sama. Mai aski ya fito da reza a hannu, wanda yake yi wa aski yana biye da shi da kumfa a rabin fuska. Wani ɗan dako ya rungumi ɗan sanda, ɗan sandan ya rasa laifin da zai kama shi da shi, sai shi ma ya rungume shi.

Mutum ɗaya ce kawai ba ta zauna ba. Clorinda tana tsaye kan Don Belisario, ta kwance masa maɓallin wuya, tana shafa masa ruwa a goshi, tana ba da umarni.

"A cire masa takalmin nan! Zoila, kawo almakashi, ba zai fita ba sai an yanka. A kira likitansa!"

Aka ruga, aka dawo. Likitan attajirai ya tafi hutun zafi a gonarsa, sai wata mai zuwa.

"To a kira namu."

Zoila ta ɗago da almakashi a hannu. "Namu? Na masu neman dalilin kwanciya?"

"Shi fa. Ai ga wanda ya samu dalili."

Likita Oyarzún ya iso da tsohuwar jakarsa. Lokacin Don Belisario ya farfaɗo, yana kallon ƙafafunsa da suka kumbura kamar burodin da ya sha yisti. Likita ya duba shi, ya ce zai rayu, muddin ya daina abin da bai iya ba. Sannan ya juya, ya ga Clorinda a tsaye, jini ya ratso bandejinta har cikin takalmi.

"Ke kuma me na ce miki jiya?"

"Kujerar tawa akwai mutum a kai, likita."

Don Belisario ya sunkuya ya ga jan ƙyallen da ke ɗaure a jikin kujerar. Ya dubi ƙafarta. Likita ya kwance bandejin a gabansa, da gangan, bai kuma yi sauri ba. Attajirin ya kalli abin da shekarun tsayuwa a kantinsa suka haifar. Shi da ya ɗanɗana na 'yan makonni ya san lissafin da kansa.

Sai ya ɗago ya ce:

"A kawo mata kujera." Aka miƙo ta katako. "Ba wannan ba. Waccan." Ya nuna ta karan-miski.

Matar hafsa ta tashi da maɓallanta biyu ta ba da wuri.

Da likita ya gama, Don Belisario ya laluba aljihu. Likita ya ɗaga hannu.

"An riga an biya ni, Don Belisario. Matan nan ne suke biyana duk wata. Yau ka ci arzikin ma'aikatanka."

"Ai ya saba," in ji Zoila, tana kallon rufi.

Kada in yi muku ƙarya, mutumin bai zama waliyyi ba. Albashi bai ƙaru ba, kuma har ya mutu bai yarda ya yi kuskure ba. Abin da dai ya faru shi ne ya mai da Clorinda teburin karɓar kuɗi, inda aikin na zaune ne, da ɗan bencinsa na ofis a ƙarƙashin ƙafarta. Kuma duk ƙarshen wata yakan aika da wani abu asusun ƙungiya, yana cewa ba gudummawa ba ce, kuɗin almakashin da ya dakushe a takalminsa ne.

Gyambon ya ɗauki lokaci, amma ya rufe. Clorinda ta yi rawa da ƙafafunta biyu a bikin 'yarta. Da dokar haɗarin aiki ta biyo baya, daga bisani kuma aka kafa asusun lafiya na ma'aikata wanda dole maigida ya zuba nasa kason, manyan 'yan kasuwa sun sake rantsewa ƙasa za ta durƙushe. Don Belisario bai sa baki ba. Idan aka tambaye shi, sai ya ce shi ai tun farko yana goyon bayan irin waɗannan gyare-gyare, kuma kantinsa ne na farko a titin da aka fara aiki da dokar kujera.

Wannan na ƙarshen gaskiya ne. Shi ya fara.

Darasi: Wahalar da kake ganin ba komai ba ce a jikin wanda ke ƙarƙashinka, ba ka ɗanɗana ta ba ne kawai. Haƙƙin ma'aikaci na hutu da magani ba alfarma ba ce, kuma ranar da jiki ya ƙi, mai yiwuwa hannun da ka raina shi zai tare ka. Wanda kuma aka zalunta, kada zalunci ya ƙwace masa tausayinsa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan aiki, musamman masu ma'aikata a ƙarƙashinsu. Za su samu lokacin karantawa, a zaune suke.